Kawu, Wanda Ya Zauna a Kan Hannayensa

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, da mai baki da marar baki. Kawu ya riga mu. Da hantsi muka kai shi makwancinsa, muka dawo ƙofar gidansa a unguwar Diguel, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi.

An taru sosai. Dillalan kasuwar shanu sun zo, mahauta sun zo, Fulani da Larabawan da suka daɗe suna kawo masa dabbobi su ma sun zo. Duk wanda ya shafa fatiha sai ya gyara zama ya kawo labarin bakin Kawu. Wani tsohon dillali ya ce a gabansa Kawu ya sayar da sa mai ƙaho ɗaya, har mai sayen ya tafi yana tausayin shanu masu ƙaho biyu. Aka yi dariya, aka ce Allah ya jiƙansa. Liman ya ce Allah ya karɓe masa bakin tun kafin ya karɓi ran, kuma wannan kaffara ce. Kowa ya gyaɗa kai, kamar a ce ranar da bakin ya tafi ita ce ranar da mutumin ya ƙare, mu kuwa gawa muka yi ta ciyarwa shekara da shekaru.

Can sai wani mahauci ya tuno da littafin. Ya ce damina guda ya yi yana naɗe tsire da littafin Kawu, shi dai bai taɓa cin moriyar ilimi kamar wannan ba. Dariyar ta fi ta farko. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da dukan cinya.

Ni ina zuba shayi. Ni mutum ne mai nauyin baki. Kafin in jera abin da zan faɗa, hira ta tsallaka wani wuri. Haka na yi ta zuba shayi har aka tashi zaman makokin. Shi ya sa nake rubuta wannan, a hankali, yadda na iya. Ba na so a ce abin da ya rage na Kawu shi ne sa mai ƙaho ɗaya da takardar tsire, kuma ba na so ɗansa ya tsufa yana ganin ubansa ya ƙare rayuwarsa a shirme.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Gaskiya ne yana da baki, ba zan rage masa ba. Hausa a gida, Larabci a kasuwa, Fulatanci da makiyaya, Faransanci idan ya haɗu da 'yan duwan, masu karɓar harajin kaya a kan iyaka. Ya ɗan yi lekol, makarantar Faransanci, yana yaro, ya kuma koyi rubuta Hausa da boko a shekarun da yake kai shanu Maiduguri. Amma wanda bai gan shi yana magana ba, bai san rabin abin ba. Da jikinsa duka yake yi. Zai riƙe maka hannun riga, ya auna maka abu da yatsu, ya zana a ƙasa da sanda, ya duƙa ya zama saniyar, ya miƙe ya zama mai ita. Idan ya ga idonka bai gane ba, ya sake ta wata hanya kafin ka buɗe baki. Inna, matarsa, ta kan ce tunda ta aure shi bai taɓa shanye finjalin shayi ba, rabi a ƙasa yake ƙarewa.

A shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, maganin dabbobi ya yi tsada, mutane suka koma sayen na kan tebur a kasuwa, kwalabe masu rubutun da ba wanda ya san ko na wace ƙasa ne. A lokacin ne wani furoje, shirin taimakon masu dabbobi da ke Toukra, ya nemi wanda zai rubuta ƙananan littattafai da Hausa domin masu dabbobi da mahauta: yadda ake wanke saniya da maganin kaska, yadda ake ba da na tsutsar ciki, tsawon lokacin da za a jira bayan allura kafin a yanka ko a sha nono. Kawu ya je. Ya ba mu labarin ganawar sau ba adadi. Sun ce ya bayyana musu yadda ake wanke saniya. Ya tashi tsaye, ya mai da teburinsu saniya, ya mai da Nasaran da ke shugabantar wurin ɗan maraƙi. Suka yi ta dariya, Nasaran ya miƙe ya ba shi hannu. A take suka ɗauke shi. Ba wanda ya miƙa masa alƙalami ya ce rubuta mana layi ɗaya mu gani. Don aikin rubutu suka kira shi, da kunne suka auna shi.

Aka buga littafin, da hoton saniya a bango. A lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba, sai daga baya na karanta shi. Muryar Kawu ce tsaf. Akwai gaisuwa, akwai labarin wani Bafillace, akwai barkwanci. Da aka zo wurin aikin sai ya ce, ka kama ta nan, ka zuba ɗan kaɗan kamar haka, ka ƙara ruwa daidai misali. Nan ɗin ina ne? Hakan yaya? A bakinsa, hannuwansa ne ke amsa wannan. A takarda babu hannu.

Akwai wani makiyayi da ya daɗe yana kawo wa Kawu shanu, tun zamanin iyayensu. Ɗan makiyayin ya karanta wa uban littafin. Ɗan kaɗan ɗin da suka zuba ya fi ƙarfin 'yan maruƙa, wasu suka mutu. Makiyayin bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ran kasuwa ya zo da shanunsa, ya gaida Kawu har da tambayar iyali, ya wuce ya ɗaure su a turken wani dillalin. Bai ƙara dawowa ba.

Furoje suka sallami Kawu ba hayaniya. Kwalayen littafin da suka rage aka bar wa mai gadi, daga nan suka iso kasuwar Moursal inda nake sayar da nama. Na ga muryar Kawu tana wucewa a hannun mutane, ta jiƙe da mai da yaji. Waɗanda suka ɗauke shi aikin kuwa ba wanda ya yi musu dariya. An canja musu gari ne kawai.

Ya koma dillanci. A kasuwa suka laƙa masa Mai Littafi, yana amsawa, har ya taya su dariyar. Kowa ya ɗauka abin ya wuce. Inna ce kaɗai ta san bayan la'asar yana shiga zaure da takardu.

Ni kuma a lokacin na riga na yi aure, har da 'ya'ya, na fara zuwa ajin manya da wani ɗan kasuwa mutumin Kano ya buɗe a shagonsa. Na fara haɗa baƙi ke nan, ina tafiya da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, Kawu ya aika in zo. Na same shi a tsakar gida da tunkiya a ɗaure, da bokiti, da kwalbar da ya cika da ruwan shayi a madadin magani. Ya miƙo mini takarda ɗaya da rubutun hannunsa. Ya ce in karanta, in yi abin da ta ce, kada in tambaye shi komai. Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe bakinsa, ya zauna a kan tabarma, ya tura hannayensa duka biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su.

Na ce masa akwai 'yan lekol a gidan da suka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ya sauke rawanin ya ce shi ya sa ba ya son su. Wanda ya iya, idan ya tarar da rami a takarda, tsallakewa yake yi bai ma san ya tsallake ba. Shi wanda zai faɗa ramin yake nema. Ya mai da rawanin.

Na faɗa kuwa. Takardar ta ce in zuba murfi ɗaya, ni kuma murfin bokitin na gani kusa da ni. Ina ganin kafaɗun Kawu suna motsi, hannayen suna neman fitowa, yana ƙara danne su. Gumi ya jiƙa rawanin. Sai da na gama ɓarnata ya karɓi takardar, ya soke, ya rubuta murfin kwalbar maganin. Ya ce in dawo jibi.

Haka muka yi shekaru. Shafi ɗaya ya kan dawo hannuna sau da yawa, kullum ya ƙara gajarta. Gaisuwar ta fita. Bafillacen ya fita. Barkwancin ne ya fi yi masa wuyar cirewa. Ya kan karanta mini shi da ƙarfi, mu yi dariya, sannan ya ja masa layi yana tsaki. Ya gano cewa gargaɗi dole ya zo a gaba, domin ni sai na gama zubawa nake isa wurin da aka ce kada a zuba. Ya gano cewa layi ɗaya aiki ɗaya. Ba wanda ya koya masa. Daga kurakuraina ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Ranar na taso daga kasuwa a gajiye, takardar ta ruɗa ni, na yi ta juya tunkiyar ina neman wurin da ake nufi, matan gida suna leƙe suna dariya, shi kuma yana zaune kamar gunki. Na jefar da takardar. Na ce idan jaki yake nema ya je kasuwa, ni na gaji da zama abin kallo. Na yi kwanaki ban je ba. Shi ya tako har Moursal, dattijo, ya tsaya a gaban teburina yana kore ƙuda da hannu kamar mai sayen nama.

Ya ce, "Ɗan ƙanwata, ba kai ake gwadawa ba. Takardar ake gwadawa. Duk ranar da ka yi kuskure, ni na faɗi."

Na ce to me ya sa ba zai ce mini ko kalma ɗaya ba, alhali ya ga ina wahala.

Ya ce, "Ranar da ɗan makiyayin nan ya karanta wa ubansa, ina wurin?"

Ban sake yin fushi ba.

Alherin da ya yi mini, ban san ko ya san ya yi ba. Duk wanda ya ji ina karatu, da na tsaya a tsakiyar kalma sai ya ƙarasa mini ita: malaminmu, 'ya'yana, har matata da ta koya a bayana. Kawu kuwa, mutumin da a kasuwa ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zancensa, bai taɓa ƙarasa mini kalma ba. Zai jira ko da shayi zai huce. A gabansa na daina jin kunyar jinkirina, kuma a kan takardunsa na iya karatu, ba a aji ba.

Taubashina bai ga komai a cikin wannan ba sai abin kunya. Ya kan wuce mu ya ce, yau kuma wa ke koya wa wa, kai ko tunkiyar? Tsakaninmu akwai wasa, ba na jin haushin abin da ya ce mini. Abin da ya ce wa ubansa ne ban manta ba: wai mutane suna cewa tsufa ya taɓa shi, ya bar turkensa yana lalacewa saboda takardun da ba wanda ya roƙa.

A shekarun da aka fara maganar man fetur a kudu, wata safiya Kawu ya faɗi a kasuwa. Ya tashi da ɓarin jiki a shanye, na hagu. Bakin ya karkace, kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, ta fito kuma a murɗe. Hannun dama Allah ya bar masa. Dillalai suka zo dubiya sau ɗaya, suka ga ba hira, ba su dawo ba. Ɗansa ya karɓi turken. Mu kuwa muka ci gaba, sai dai yanzu ba ya bukatar rawanin.

Ana nan sai muka ji furojen nan na Toukra ya farfaɗo da sababbin mutane, suna neman mai rubuta musu irin littattafan nan. Kawu ya nuna mini kansa da yatsa. Inna ta ce kada mu je, za su ƙara karya masa zuciya. Ya sa ta ciro masa babbar rigarsa.

Na ɗauke shi a kilando, babur ɗin haya, ni a baya ina riƙe da shi, shi yana rungume da jakar takardun. Mun sami matasa a layi da riguna masu guga, wasu da wayar hannu. Da aka kira shi na shiga tare da shi don in riƙe shi. Mutanen ba su wulaƙanta shi ba, har kujera suka gyara masa, suka kira shi Baba. Sai ɗayansu ya ce, cikin Larabci, ya bayyana musu yadda ake wanke saniya da maganin kaska.

Tambayar farko ce, ba ta canja ba.

Kawu ya buɗe baki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito ni kaɗai na gane shi. Ya bari, ya ɗaga jakar ya miƙa musu. Mutumin ya sa tafin hannunsa a kanta ya mayar masa da ita a hankali, ya ce sai wanda ya haye wannan matakin ake duba takardunsa. Na ce ina roƙon arziki su karanta shafi ɗaya, ko su ba ni bokiti in nuna musu. Ya yi murmushi ya ce akwai mutane da yawa a waje, kuma aikin na bukatar mai iya isar da saƙo. Ko igiyar jakar ba a kwance ba.

A bakin titi, muna jiran abin hawa, ya ja rigata. Ya daɗe yana haɗa maganar, ni kuma na jira shi yadda ya saba jirana.

"Da, bakin suka ɗauka," in ji shi. "Yau, bakin suka kora. Hannun bai taɓa shiga ba."

Na ji an ɗauki wani saurayi da ke magana kamar rediyo. Ban ga abin da ya rubuta ba, wataƙila ya iya. Ban ce mai baki ba ya iya rubutu ba. Abin da na gani da idona shi ne mutum ɗaya, sa'ad da yake da baki bai iya ba, sa'ad da ya iya ba shi da baki, kuma sau biyu masu ilimi suka zauna a bayan tebur suka saurari abin da ba shi suke saye ba. Ko akuya ba ma saye a Diguel don kukanta.

Bayan nan bai daina rubutu ba, amma ya daina nuna kansa da yatsa.

Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar arba'in, taubashina ya share zauren don zai zuba buhunan dusa. Ya aiko mini da jakar har kasuwa, da saƙon cewa ga takardar naɗe nama, gadona ke nan, kada in ce an cuce ni. Na kai ta gida na sa a ƙarƙashin gado.

Na san taubashina yana da wata karsana da kaska ta cika wa kunne da hantsa. Ran da babu kasuwa na sayi maganin, na ciro shafin, na same shi a garkensa. Na miƙa masa kwalbar da takardar.

Ya ce, "Kai kuma, malamin tunkiya, yau ni ne tunkiyar?"

Na zauna a ƙasa. Ba ni da rawani, sai na ja wuyan rigata na rufe baki, na tura hannayena ƙarƙashin cinyoyina.

Ya gane zaman. Na ga fuskarsa ta canja, sannan ya mai da ita wasa. Ya ce in bar wannan shirmen in faɗa masa da baki, ba shi da lokaci. Ban motsa ba. Ya zage ni irin zagin taubasai, ya haɗa da kakannina, waɗanda nasa ne shi ma. Ban motsa ba. Karsanar tana ta kaɗa kai. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya ɗaga takardar.

Ya karanta layin farko, ya je ya kore maruƙan daga wurin. Ya karanta na biyu, ya ɗaure leda a hannunsa. Ya auna da murfin kwalbar, ya cika bokitin zuwa inda aka ce, ya juya wa iska baya, ya fara daga wuya ya sauka. Bai tsaya ba, bai dube ni ba, bai tambayi komai ba. Da ya gama ya haƙa rami nesa da kwamin shan ruwa ya juye ragowar, domin haka layin ƙarshe ya ce. Ya wanke hannu, ya miƙo mini takardar, gefenta a jiƙe.

Ya ce, "To ai wannan a fili yake, ko yaro ya yi. Wannan ne ya cinye wa tsoho shekarunsa?"

Na so in ce masa i, wannan ne. Na so in ce masa shafin nan sau nawa ya faɗi kafin ya tsaya, kuma maganar da ya yi yanzu ita ce Kawu ya yi ta jira daga bakin wani bai samu ba har ya koma ga Allah. Amma takardar ta riga ta gama maganarta, kuma ba a koya mini in ƙara mata ba.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, akwai na tsutsar ciki a cikin tarkacen nan? Na gyaɗa kai, bai gani ba. Ya ce idan akwai in kawo, in ban riga na naɗe nama da shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa maruƙan makiyayin nan da ya ɗauka a wuyansa har kabari. Allah ya sa a can a buɗe jakarsa.